Littafin amsoshi a karatun kalkulas: yana taimako ko yana cutarwa?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum, malamaina da yayyena na wannan zaure. Ni ɗalibi ne a shekarar farko a fannin injiniya, kuma a wannan zangon muna ɗaukar kalkulas, wato reshen lissafi mai nazarin yadda abubuwa ke sauyawa da yadda suke taruwa, darasin da ake kira MTH 102. Makonni uku da suka wuce wani abokin karatuna ya turo mini littafin amsoshi na littafin da muke amfani da shi, irin wanda ke warware tambayoyin ƙarshen kowane babi mataki-mataki. Tun daga ranar na ji karatun ya yi mini sauƙi, domin duk inda na maƙale sai in buɗe, in ga yadda aka yi, in gane, in wuce. A dare ɗaya nakan bi tambayoyi ashirin, alhali a da biyar ma sukan gagare ni. Sai ga shi a makon jiya an yi mana gwaji mai tambayoyi huɗu. Uku daga cikinsu na san na taɓa ganin irinsu, na kuma san na fahimce su lokacin da na karanta, amma na zauna ina kallon takarda ban san ta inda zan fara ba. Wadda ta fi ba ni takaici ita ce intagireshan (lissafin da ake nemo faɗin da ke ƙarƙashin layin zane da shi) ɗin x cos x, wadda na ɓata kusan minti goma sha biyar ina gwada mata hanyar musanya, ashe hanyar kashi-kashi ake bi, wadda ake raba abin zuwa u da dv. Don Allah ku ba ni shawara: in goge littafin nan daga wayata, ko kuwa ni ne ban iya amfani da shi ba?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na shekara goma sha takwas ina koyar da lissafi a babbar sakandare, kuma abin da ya same ka na gan shi ya sami ɗalibai masu ƙoƙari fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Ka ɗauki tambayar da ta kayar da kai ka ajiye ta kusa da 'yar'uwarta, wato x cos(x²). A ido kusan abu ɗaya ne, amma ta biyun musanya take so, domin difarenshiyeshan (lissafin saurin sauyawa, kishiyar intagireshan) ɗin x² shi ne 2x, ga kuma x nan a waje yana jira; ta farkon kuwa babu irin wannan dangantaka a cikinta, shi ya sa ake komawa ga kashi-kashi. Duk wahalar tambayoyin biyu tana cikin wannan zaɓi ne. Abin da ke biyo baya aikin hannu ne kawai. To idan ka buɗe littafin amsoshi, me kake fara gani? Layin farko yakan ce a ɗauki u a matsayin kaza. Ke nan an riga an yi maka zaɓin tun kafin ka soma karantawa, kuma ba a gaya maka hanyoyin da marubucin ya duba ya watsar ba. Ka bi tambayoyi ashirin a dare, amma ba ka yi zaɓi ko sau ɗaya ba, sannan aka kai ka ɗakin gwaji inda zaɓin ne kaɗai ake tambaya. Hausawa sun ce gani ba ci ba ne. Ra'ayina shi ne ka goge shi har zuwa ƙarshen zango.

Injiniya Bakatsine:
Malam, Allah ya ƙara maka lafiya. Bayaninka kan layin farko gaskiya ne, ba ni da abin cewa a kansa, amma shawarar gogewa ban yarda da ita ba. Kai kana koyarwa a aji inda kake zagayawa kana duba littafin kowane yaro. Ni lokacin da na yi wannan darasi mun haura ɗari biyar a ɗaki ɗaya, na baya ba ya jin abin da ake faɗa, kuma aikin gida da muke miƙawa ba ya dawo mana da gyara. Wa zai gaya mini na yi kuskure? Sai ranar da sakamako ya fito. A irin wannan hali littafin amsoshi shi ne malamin da nake da shi da ƙarfe ɗaya na dare, kuma rashin uwa ne kan sa a yi uwar ɗaki.

Bayan haka, akwai abubuwa a kalkulas waɗanda ko mutum ya kwana bakwai ba zai gano su da kansa ba. Misali intagireshan ɗin sec x. Dabarar da littattafai ke koyarwa ita ce a ninka sama da ƙasa da sec x + tan x, sai saman ya zama difarenshiyeshan ɗin ƙasan. Wane ɗan shekarar farko ne zai ƙirƙiro wannan? Wannan matsala ta taso ne daga taswirar duniya da masanin taswira Mercator ya fitar a 1569. A 1599 Edward Wright ya haɗa jadawalinta ta hanyar tara lambobi ɗaya bayan ɗaya, sai wajen 1645 Henry Bond ya lura cewa jadawalin ya yi daidai da wani jadawalin logaridim, kuma ba a kawo hujjarsa ba sai a 1668 ta hannun James Gregory, sannan Isaac Barrow a 1670. Abin da ya ɗauki manyan masana shekaru masu yawa haka, ban ga dalilin da za a ce yaro ya zauna da shi ba tare da an nuna masa ba.

Malam Mai Alli:
Injiniya, na yarda da misalinka, kuma ni ma nuna wa ɗalibaina nake yi a allo, ba na barin su su nema. Amma irin sec x nawa ne a cikin babi guda? Ba su wuce ɗaya ko biyu ba. Sauran tambayoyin an tsara su ne domin ɗalibin da ya karanta babin ya iya yin su idan ya daure. Matsalar ita ce wanda littafin amsoshi ke cikin aljihunsa yakan mayar da kowace tambaya sec x da zarar ta ɗauke shi minti uku.

Malama 'Yar Birni:
Assalamu alaikum. Ina koyar da wannan darasi a jami'a, kuma ina ganin Malam da Injiniya kowannensu ya riƙe wani ɓangare na abin da masu binciken ilimi suka daɗe da ganowa. A 1985 John Sweller da Graham Cooper sun yi gwaji a Ostireliya da ɗalibai masu koyon aljabara. Wasu an ba su tambayoyi su warware da kansu, wasu kuma an ba su misalan da aka riga aka warware su yi nazari, kowane misali yana biye da tambaya irinsa. Waɗanda suka yi nazarin misalai sun fi sauri, sun kuma fi ƙarancin kuskure a kan tambayoyi masu kama da waɗanda suka gani. Bayanin da Sweller ya bayar shi ne cewa sabon shiga, idan aka jefa shi cikin tambaya ba jagora, hankalinsa yakan ƙare wajen lalube, ba ya samun sararin lura da tsarin abin. Wannan yana goyon bayan Injiniya. Amma a wannan gwajin dai, da aka sauya fasalin tambayoyin, fifikon bai bayyana ba. Daga baya kuma, a 2003, Slava Kalyuga da Sweller da abokan aikinsu suka tattara shaidar cewa yayin da ɗalibi ke ƙwarewa amfanin misalan yakan ragu, har ya kai matsayin da warwarewa da kai ta fi. Wannan kuma maganar Malam ce.

Binciken da ya fi dacewa da halin ɗanmu shi ne wanda Michelene Chi da abokan aikinta suka wallafa a 1989 a Amurka, kan ɗalibai masu nazarin misalan fiziks da aka warware. Littafi ɗaya aka ba su, amma sakamakonsu ya bambanta ƙwarai. Waɗanda suka yi nasara sukan tsaya a kan layi su bayyana wa kansu dalilin da ya sa aka yi shi, kuma sukan gane lokacin da ba su fahimta ba. Masu rauni kuwa sukan karanta su wuce suna cewa sun gane, sannan idan an ba su tambaya sai su yi ta komawa misalin suna neman abin kwafa. Ɗan Zazzau, ka sake karanta saƙonka: ka ce “in gane, in wuce”. Jin cewa an gane shi ne abin da ya yaudare ka, domin bin hujjar wani da ido ya fi samar da ita sauƙi nesa ba kusa ba, amma a zuciya jinsu iri ɗaya ne. Saboda haka ba zan ce ka goge shi ba. Zan ce duk warwarar da ka karanta, ka rufe, ka ɗauki farar takarda ka sake ta daga farko, sannan bayan kwana biyu ka sake ta ba tare da ka leƙa ba. Idan ta gagare ka a rana ta uku, ba ka koye ta ba tukuna, komai daɗin da ka ji a daren farko.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari. Mu a Nijar da Faransanci muke karatu, kuma littattafan tsofaffin tambayoyin jarrabawar Bak, wato ta kammala sakandare, masu ɗauke da gyara abu ne da kusan kowane ɗalibin ajin ƙarshe yake nema, musamman 'yan sashen C da D, wato na lissafi da kimiyya. Ba wanda ke ganinsu a matsayin abin kunya, malamai ma sukan ce a nemo su. Abin da na ƙaru da shi daga cikinsu, wanda ban ga an ambata ba, shi ne yadda ake rubuta amsa. A wurinmu ana ba da maki a kan tsarin hujja: kafin ka yi amfani da wata ƙa'ida sai ka faɗi cewa sharuɗɗanta sun cika, misali ka nuna cewa layin zanen lissafin bai yanke ba a tsakanin wuraren biyu kafin ka ce dole ya ratsa sifili. Na iya lissafin a kaina, amma ban iya shimfiɗa shi a takarda ba sai da na ga yadda masu gyara suke rubutawa. Sai dai na ga abokaina da suka haddace gyaran shekaru goma, ranar jarrabawa aka sauya musu lamba ɗaya da alama ɗaya, suka rubuta amsar bara.

Dattijon Zaure:
Ni ban yi boko mai nisa ba, 'ya'yana ne suka sa ni a wannan zaure, amma abin da kuke tattaunawa ba baƙo ba ne a karatunmu. Muna da matani, muna da sharhi, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce a ƙone sharhi ba. Abin da malamai ke hanawa shi ne almajiri ya riga matani zuwa sharhi. A ilimin rabon gado, wanda shi ma lissafi ne, malaminmu, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu mas'ala ya tashi ya bar mu. Misali mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma suna da kashi biyu cikin uku. Ka nemo asalin mas'ala ka samu shida, ka ba miji uku, ka ba su huɗu, sai ka ga sun zama bakwai, dukiya kuwa shida ce. A nan yake so ka tsaya, ka ruɗe, ka sake ƙirgawa, ka tabbatar ba kuskurenka ba ne. Bayan haka ne zai buɗe maka babin auli, ya nuna maka yadda ake mayar da asalin zuwa bakwai domin ragin ya shafi kowa daidai gwargwado. Wanda ya sha wannan ruɗani ba ya mantawa har ya tsufa. Wanda kuwa aka fara karanta masa sharhin, yakan ce ya gane, kuma ya gane ɗin, amma ranar da aka kira shi rabon gado na gaske sai ka ga yana neman littafi.

Ɗaliba daga Gusau:
Baba, Allah ya saka da alheri, wannan misali ya shige ni. Ina so in kawo wata illa dabam wadda ta same ni. Na yi intagireshan ɗin sin x cos x na samu rabin sin²x, da na duba littafin amsoshi sai na ga sun rubuta −¼ cos 2x. Na soke aikina, na kwafi nasu, na kwana ina ganin ban iya komai ba. Sai bayan mako guda wata yayata a sashen lissafi ta nuna mini cewa amsoshin biyu daidai ne, bambancinsu lamba ce tsayayya wadda C ɗin da ake ƙarawa a ƙarshe ke haɗiyewa. Tun daga nan na lura littafin yana sa ni in raina hanyata ko da daidai ce. Ga kuma matsalar cewa yawancin waɗanda ke yawo a wayoyinmu ba su dace da bugun littafin da ke hannunmu ba, lambobin tambayoyin sun sha bamban, wani lokaci kuma akan sami kuskure a cikinsu.

Malama 'Yar Birni:
'Yata, abin da yayarki ta nuna miki ya fi amsar kanta daraja. Akwai amsa ta uku ma, wato −½ cos²x, kuma ita ma daidai ce. Wannan ya kawo ni ga abin da nake gaya wa ɗalibaina kowace shekara: intagireshan yana ɗauke da abin duba kansa. Idan kin gama, ki yi difarenshiyeshan ɗin amsarki. In ya mayar da ke inda kika fara, kin yi daidai ko da littafin duniya ya ce wani abu dabam. Wannan ya rage buƙatar littafin amsoshi da kusan rabi a wannan ɓangare, kuma yana ƙara miki atisaye a kyauta.

Akwai kuma dubawa ta hankali, wadda mai kwafa ba ya koyonta sam. A ɗauki intagireshan ɗin 1/x² daga −1 zuwa 1. Wanda ya saba bin matakai ido rufe zai rubuta −1/x, ya sa lambobin, ya samu −2, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Amma 1/x² ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili, to ta yaya faɗin da ke ƙarƙashinsa zai zama ƙasa da sifili? Gaskiyar ita ce layin ya tsinke a x = 0, ya haura ba iyaka, ƙa'idar da aka yi amfani da ita ba ta aiki a nan, kuma intagiral ɗin, wato sakamakon intagireshan ɗin, ba shi da ƙayyadadden ƙima. Ina sa irin wannan tambaya a jarrabawa da gangan, domin tana rarrabe mini wanda ke tunani da wanda ke maimaita tsari.

Injiniya Bakatsine:
Malama, na gode. To tunda kusan kowa ya yarda sai an gwada kafin a buɗe, tambayar da ta rage ita ce tsawon lokacin gwadawar. Ni ƙa'idata a lokacin ita ce minti ashirin na ƙoƙari na gaske, da biro a hannu, in rubuta duk hanyar da na gwada da inda ta tsaya. Idan ban fita ba, sai in rufe shafin amsar da takarda, in zame ta a hankali har layi ɗaya ya bayyana, in rufe littafin in ci gaba da kaina. Sau da yawa layin nan ɗaya ya ishe ni. Sannan in sa wa tambayar alama, in dawo mata ranar Asabar.

Malam Mai Alli:
Dabarar zame takarda tana da kyau, zan ma koya wa ɗalibaina ita. Minti ashirin ne ban gamsu da su ba. Sau nawa mutum ke barin tambaya ya je masallaci ko ya kwanta, ya tashi da hanyar a kansa? Wanda ya buɗe a minti na ashirin da ɗaya ya hana kansa wannan. Ni zan ce a bar tambaya ta kwana.

Injiniya Bakatsine:
Malam, da darasi ɗaya yake ɗauka da na yarda. Amma yaron nan yana da darussa kusan goma a zango guda, ga fiziks, ga kimiyyar sinadarai, ga zane, wuta kuma ba kullum ake samu ba. Idan kowace tambaya sai ta kwana, zango zai ƙare bai gama babi uku ba. Sai dai a raba: tambayoyin atisaye na farkon jeri a ba su minti ashirin, amma a zaɓi biyu ko uku masu nauyi a kowane mako, musamman na labari irin su neman mafi girman fili ko saurin cikar tanki, a bar su su kwana kamar yadda ka ce. A irin waɗannan ne littafin amsoshi ya fi cutarwa, domin mayar da labari zuwa lissafi shi ne aikin, kuma shi ne abin da na tarar ana buƙata a wurin aiki.

Malam Mai Alli:
Wannan rabon na karɓe shi. Abu ɗaya kawai zan ƙara, wanda ba na sassauci a kansa: aikin gida da za a ba da maki a kansa, kwafo shi daga littafin amsoshi cin amana ne, ko an kama mutum ko ba a kama shi ba. Haka nan manhajojin waya da ake ɗaukar hoton tambaya su fito da matakai, hukuncinsu ɗaya ne da littafin.

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum. Na yi shiru kwana huɗu ne domin in gwada abin da kuka faɗa kafin in dawo. Ban goge littafin ba, amma na cire shi daga waya na mayar da shi kwamfutar abokina, ta yadda sai na taka na je kafin in gani. Na koma kan tambayoyi ashirin da na ce na bi a dare ɗaya, na gwada su da farar takarda, bakwai kawai na iya kaiwa ƙarshe. Yanzu ba na wuce shida ko bakwai a dare, kuma ina duba amsata da difarenshiyeshan kamar yadda Malama ta ce. Jiya na yi ta neman fili mafi girma da za a kewaye da waya mai tsawon mita 100 idan gefe ɗaya katanga ce. Ta kwana a kaina, da safe na samu mita 25 da mita 50, wato murabba'in mita 1,250, ban buɗe komai ba.

Yanzu wadda ta tsayar da ni ita ce eˣ sin x. Na yi kashi-kashi sau ɗaya na samu eˣ cos x a ciki, na sake yi sai ga eˣ sin x ta dawo, kamar ina zagaye wuri ɗaya. Na gwada sauya wanda nake ɗauka a matsayin u a zagaye na biyu, sai komai ya soke na koma inda na fara. Malam, kada a ba ni amsa, layi ɗaya kawai nake roƙo.

Malam Mai Alli:
Madalla, ɗana. Kada ka sauya u a zagaye na biyu, hanyarka ta farko daidai take. Ka sa wa intagiral ɗin da kake nema suna, ka kira shi I, ka sake rubuta layinka na ƙarshe da wannan suna a duk inda ya bayyana, sannan ka dubi alamar da ke gabansa a ɓangaren dama. In ka samu, ka turo mana mu gani.